Mai zane da mutuncin talaka: me ya kamata a nuna, kuma wa zai amfana?

Mai Gawayi, Fagge

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da malamai da 'yan uwa, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina son jin ra'ayinku kafin in ci gaba da aikin da na sa a gaba. Sana'ata zane ce, da gawayi da fenti nake aiki, kuma a 'yan watannin nan 'yan ga-ruwan da ke kai ruwa unguwanninmu nake zanawa, da niyyar in haɗa zanukan in baje kolinsu. Lissafi mai sauƙi ne ya ja ni gare su. Jarka ɗaya tana cin lita 25, wato kilo 25, kurar da aka jera wa jarka 12 kuwa ta kai kilo 300 ban da nauyin ƙarfenta, kuma mutum ɗaya ne yake tura ta daga bakin rijiyar burtsatse zuwa lungun da ko Adaidaita Sahu ba ta shiga. Wanda ya tsaya kusa da shi a inda hanya ta yi tudu zai ga yadda yake kwantar da ƙirji a kan mariƙin kurar, ya kafa yatsun ƙafa a cikin silifas ɗin da ya sha ɗinki, jijiyoyin wuyansa su miƙe, ruwa yana tsartuwa daga bakin jarkar da aka toshe da leda. Gidan da ke da burtsatse da injin tura ruwa bai san da wannan mutum ba. Gidan da ko famfo babu shi ne yake sayen ruwa a hannunsa da tsada, talaka yana biyan talaka.

Na nuna wa wani mai dillancin zane-zane abin da na gama, sai ya ce aikin ya yi kyau amma mutanen sun cika ƙarfi, gara in ramar da su, in zurfafa idanunsu, in ajiye yaro ba riga a gefe, domin irin wannan ne masu saye suke buɗe wa aljihu. Ban karɓi shawararsa ba, amma ta bar ni da tambaya. Idan burina shi ne mai kallo ya ji tausayi, shin dole ne sai na nuna mutum a wulaƙance kafin zuciya ta motsa? Idan kuma na nuna shi da ƙarfinsa da kamalarsa, ba zan sa mai kallo ya ce ai lafiyarsa ƙalau, ya wuce abinsa ba?

Malamar Tarihi, Gwale

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wata mai zane Bajamushiya, Käthe Kollwitz, wadda ta rayu daga 1867 zuwa 1945, ta shafe rayuwarta a kan wannan tambaya taka. Mijinta likita ne a unguwar 'yan ƙwadago a birnin Balin, marasa lafiya talakawa suna zuwa har gidan da suke zaune, saboda haka matan da take zanawa mata ne da take gani kullum, ta san tarin da yake damun 'ya'yansu. Zanukanta shida a kan boren masaƙan yankin Silesiya na 1844 sun burge alƙalan baje kolin Balin a 1898 har suka ba da sunanta don lambar yabo, amma Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya hana a ba ta. Da abin tausayi kawai ta zana, babu sarkin da zai damu. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne masaƙan nata sun taru, sun yi shawara, sun yi tattaki zuwa ƙofar gidan mai masaƙa.

Akwai wani zanenta na 1924 mai suna "Burodi" da nake so ka nema ka duba da kyau. Uwa ce ta ba mai kallo baya, ta sunkuya, yara biyu suna jan tufarta suna ɗaga kai. Ba a ganin fuskarta ko kaɗan, kuma wannan bayan da ta juya ya fi kowane hawaye nauyi, domin duk uwar da ta taɓa rasa abin da za ta ba ɗanta ta san dalilin da ya sa ake juya baya a irin wannan lokaci. Dillalinka yana son ka ƙara wa mutum rama ne saboda ya fi sauƙin sayarwa, amma mai kallo yana gane ƙari, kuma da zarar ya gane sai ya daina yarda da sauran abin da ka zana.

Alaramma, Gwammaja

Assalamu alaikum. Ɗana mai zane, Allah ya yi wa hannunka albarka, amma ina da ƙorafi a kan wannan fanni gaba ɗaya kuma zan faɗe shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mu masu tsangaya mun ga masu ɗaukar hoto da masu zane iri-iri. Za su zo da rana tsaka, lokacin da yara suka fita neman abinci, su zaɓi wanda ya fi kowa datti, su ɗauke shi da robar bara a hannu, su tafi. Babu wanda yake zuwa da asuba ko da dare lokacin da yaron nan yake rungume da allonsa yana tilawa, babu wanda ya zana hannunsa yana dama tawada ko yana feƙe alƙalami. Ba na musun cewa akwai wahala, kuma ba na kare bara, domin ni kaina ina ganin illarta a kan yaran. Amma yaron da aka nuna wa duniya da roba kaɗai an ƙwace masa rabin kansa, kuma ba a nemi izininsa ko na iyayensa ba.

Allah Maɗaukaki ya siffanta wasu mabuƙata a aya ta 273 ta Suratul Baƙara da cewa wanda bai sani ba yana zaton su mawadata ne saboda kamun kansu, kuma a aya ta 264 ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Idan sadaka ma tana ɓaci da cutarwa, ina ga zanen da za a rataye a bango shekara da shekaru yana tona asirin mutum? Sannan akwai batun zana mai rai, wanda ban ga kowa ya taɓo ba tukuna.

Ɗalibin Fiƙihu, Soron Ɗinki

Allah ya gafarta Malam, batun da ka ɗago yana da muhimmanci. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surori sun tabbata a Bukhari da Muslim, kuma a cikinsu akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan aiki yake ci, shi kuma ya ce masa idan ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle, wanda suka ajiye a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun fi haka tsanantawa. Ya kamata ɗan uwanmu ya zauna da malamin da ya amince da shi a kan wannan. Sai dai ina ganin ko wanda ya ɗauki ra'ayi mai tsanani ƙofa ba ta rufe masa ba, domin kura da jarkoki da silifas da dogon bangon gidan da ruwa ke malala ta ƙarƙashin ƙofarsa sun isa su ba da labarin.

Ɗan Kasuwa, Kantin Kwari

Malamai, ku gafarce ni, ni ba masanin zane ba ne, amma ina da tambayar da nake ganin mutane da yawa suna da ita a zuci. Ɗan ga-ruwan nan, idan an gama baje koli an tafa, me ya ƙaru da shi? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne suke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Nijeriya, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan kafin a cire tallafin mai a 2023 ke nan. Mutanen Kano ba sa buƙatar a zana musu talauci, suna taka shi a ƙofar gida kowace safiya. Kuɗin fenti da ƙyalle da hayar zaure, da an haɗa an gyara wa mutumin tayoyin kurarsa ko an saya masa tasa ta kansa ya daina biyan balas, ai da an ga amfani a hannu.

Malamar Tarihi, Gwale

Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma tarihi ya ba ka gaskiya ta wani ɓangare. A watan Maris na 1936, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, wata mai ɗaukar hoto da ke yi wa gwamnati aiki, Dorothea Lange, ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a sansanin 'yan ciranin gona a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Da hoton ya fito a jarida gwamnati ta aika da abinci kusan tan 9 zuwa sansanin. Wannan amsa ce ga mai cewa hoto ba ya ciyarwa. Amma kafin abincin ya iso matar da iyalinta sun riga sun tashi, ba a ma san sunanta ba sai a 1978, kuma ta koka da cewa ko kwabo ba ta samu daga hoton da ya zagaye duniya ba. To, ka ga gaskiyarka ke nan.

Inda na saɓa da kai shi ne cewa mutanen Kano suna ganin talauci kullum. Suna wucewa ta kusa da shi, amma yawan gani yana kashe gani. Mutum zai shekara yana sayen ruwa a hannun mutum ɗaya bai san sunansa ba, bai san daga wane ƙauye ya zo cirani ba, ko daga Jamhuriyar Nijar ya tsallako, sai dai ya leƙo ya ƙwala kiran "ga-ruwa". Zane mai kyau yana tilasta wa ido ya tsaya a kan abin da ya saba tsallakewa. Game da rabo kuwa, an yi abin da kake nema a Birazil, inda mai zane Vik Muniz ya yi aiki tare da masu tsintar bola a babban jujin Jardim Gramacho kusa da Riyo, suka haɗa manyan surorinsu da kayan da suke tsinta, aka sayar, kuɗin ya koma gare su da ƙungiyarsu.

Dattijo, Kurna

Assalamu alaikum. Na karanta maganganunku duka, kuma ina so in ja hankalin ɗana mai zane zuwa wani wuri da ban ga an tsaya a kai sosai ba. Kalmar da kuke ta maimaitawa ita ce tausayi. Mahaifina ɗan jam'iyyar NEPU ne, ni kuma na yi jam'iyyar PRP da ƙuruciyata, kuma abin da muka koya a wannan gida shi ne talaka haƙƙinsa yake nema. Lokacin da aka kafa NEPU a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sanarwar Sawaba ba ta roƙi masu mulki su ji ƙan talakawa ba, ta faɗi ƙarara cewa akwai masu ci da waɗanda ake ci. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta hau a 1979 ta soke haraji da jangali, kuma an kai ga haka ne domin an shekara talatin ana nuna wa mutane wanda yake karɓa da wanda ake karɓewa. Tun kafin su ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ga kwatanta wahalar talaka ba.

Saboda haka idan ka zana ɗan ga-ruwa shi kaɗai a kan farar takarda, mai kallo zai ɗauka wahalarsa daga sama ta faɗo, ya ce Allah sarki, ya wuce. Tausayin da bai san musabbabi ba kamar yayyafi ne a kan rairayi, kafin ka waiga ya bushe. Akwai wani zane na Gerard Sekoto, mutumin Afirka ta Kudu, da ya yi a wajajen 1947, inda baƙaƙen leburori suka jeru sun ɗaga diga sama a lokaci guda, ga wani Bature mai duba aiki a tsaye gefe, hannuwa a aljihu, lofe a baki. Leburorin ba ramammu ba ne, ƙarfafa ne, har sun fi shi cika ido, amma babu mai kallon zanen ya kasa gane wa ke aiki wa ke ci. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko. Ka bar wa mutumin ƙarfinsa, amma ka sanya busasshen famfo a bayansa, ka sanya tankin ruwan da ke ambaliya a saman benen da yake wucewa.

Hajiya, Tarauni

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta ratsa ni, amma ina jin tsoron abu ɗaya a cikinta. Idan kullum mai laifin da za a zana shi ne gwamnati ko mai bene, to dukkanmu za mu fito daga zauren baje koli muna jin mu masu gaskiya ne. Alhali bambancin da ya fi kusa da mu yana cikin gidajenmu. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau, ita ce take tashi kafin kowa ta haɗa wa 'ya'yan gida abin karyawa, ta ɗaura musu jakar makaranta, ta raka su bakin ƙofa, sannan ta dawo ta tsuguna gaban tulin wanke-wanke, kuma sa'arsu ce. Kuɗin aikinta ma ba ya shiga hannunta, wata ce take zuwa ƙarshen wata ta karɓa. Mu matan da muke zuwa wa'azi muna kuka, da yawanmu muna da irin wannan yarinya a gida.

A 2017, lokacin da Nijeriya ta fara samun rumfarta a babban baje kolin birnin Benis na Italiya, mai fasaha Peju Alatise ta kai wani aikin mutum-mutumi na 'yan mata takwas masu fukafukai sun yi da'ira, tsuntsaye suna shawagi a samansu, kuma ta gina shi a kan labarin yarinya 'yar shekara 10 mai aikatau a Legas da take mafarkin tashi sama. Ba na kira a yi mutum-mutumi a nan, na ji abin da malamai suka faɗa. Abin da ya kama ni shi ne ta nuna abin da yarinyar take buri, ta ba ta zuciya irin ta 'ya'yanmu. Wanda ya yarda cewa 'yar aikinsa tana da buri irin na 'yarsa, zai yi masa wuya ya ci gaba da hana ta makaranta.

Ɗalibin Zane, Zariya Road

Iyayena, ina so in ƙara batun salo da wurin nunawa. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun ƙi yarda a koya musu zanen Turai zalla, suka ce kowa ya koma ga fasahar mutanensa ya haɗa ta da abin da ya koya a aji. Mu a Kano muna da zayyanar allo da ake yi wa mai sauka, da adon bango irin na magina da ake gani a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, da shuɗin marinar Ƙofar Mata, da aikin masu zanen jikin manyan motoci, wanda talaka ya fi kallo fiye da duk wani zanen da ke cikin gilashi. Idan Yaya Mai Gawayi ya kewaye surar kura da irin adon da ake kewaye allon sauka da shi, ba tare da ya sa aya ko wani abu mai alfarma ba, duk Bakano zai fahimci cewa girmamawa ake nufi. Kuma Kollwitz da Malama ta ambata ta fi yin aikin da ake bugawa kofi da yawa, domin ya yi araha ya shiga hannun mutane. Zanen da aka rataye a otal inda mai gadi ba zai bar ɗan ga-ruwa ya shiga ba, ya maimaita bambancin da yake kuka da shi.

Mai Gawayi, Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Kurna, zan sanya famfon da tankin, domin na gamsu cewa ba tare da su ba rabin magana na faɗa. Sai dai ba zan yarda a raina tausayi ba, domin ban taɓa ganin wanda ya tashi neman haƙƙin wani ba tare da zuciyarsa ta fara karyewa a kansa ba. Alaramma, mutanen da na zana duk manya ne, na zauna da su a inda suke hutawa bayan azahar, kuma kowa ya ga nasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce in cire fuskarsa domin a garinsu an san shi da noma ne kuma yana da 'ya'ya mata da za a aurar, na kuma cire. Wani kuma ya ce in bar tasa, amma in zana shi da hularsa ta Juma'a. Zan kai batun surar gaban malamina kamar yadda aka ba ni shawara. Alhaji na Kwari, na ɗauki maganarka: duk zanen da aka saya, mai surar yana da kaso, kuma za mu rubuta yarjejeniyar a gaban mai unguwa kafin a rataye komai. Nunin farko kuma a unguwa za a yi shi, kusa da inda suke ɗiban ruwa. Hajiya, batun 'yan aikatau ya shiga raina, ina ganin shi ne aikina na gaba.

Ɗan Kasuwa, Kantin Kwari

Idan har za a rubuta kason a gaban mai unguwa, ni zan ɗauki nauyin buga kofe na takarda da za a raba, da sharaɗin a rubuta sunan kowane mutum a ƙarƙashin zanensa idan ya amince, ba a rubuta "ɗan ga-ruwa" kawai ba.

Hajiya, Tarauni

Ƙanena, kafin ka shiga aikin 'yan aikatau ka san cewa ya fi na 'yan ga-ruwa wuya nesa ba kusa ba. Su manya ne, sun iya cewa a cire fuska ko a sa hula. Yarinya 'yar shekara 10 da ke zaune a gidan wasu ba ta iya cewa a'a ga babban da ya shigo da takarda da gawayi, kuma izinin uwar ɗakinta ba izini ba ne, tunda ita ce ɓangaren da zanen yake tuhuma. Idan zanen ya fito aka gane ta, ita za a kora ko a daka, kai kana gidanka. Sai ka nemi iyayenta a ƙauyensu ka yi musu bayani, kada ka zana ta yadda za a gane ta ko a gane gidan, kuma kasonta kada ya bi ta hannun mai karɓar kuɗin wata, a biya shi kai tsaye a makarantar da za ta shiga. Akwai matan unguwarmu da suka yi aikatau da ƙuruciyarsu, yanzu sun manyanta suna da bakin magana, kuma idan ka shirya zan tambaye su ko za su yarda ka fara zama da su.